AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Editan mujallarmu ya roƙi ko wane ɗalibi ya rubuto abin da ya ƙaru da shi cikin hutu. Ni dai a Fatakwal na yi nawa hutun, wajen ƙanen mahaifiyata, kuma babban abin da na koyo a ƙarƙashin wata tsohuwar mota na koye shi, ruwan sama yana ɗiga mini a ƙeya. Ina fata 'yan'uwa za su yi haƙuri su bi ni har ƙarshe, gama ko wanda ba ya da niyyar mallakar mota zai sami abin ɗauka a ciki.

Garin da motar

Fatakwal ba tsohon gari ba ne kamar Kano ko Katsina. Turawa suka kafa shi don su sami tashar jiragen ruwa, suka sa masa sunan Lewis Harcourt a 1913. A 1916 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa shi da Inugu, inda a ke haƙar kwal a lokacin, daga baya aka zarce da dogo har Arewa ta Makurɗi da Kafanchan. Mutanenmu kuwa, kun san halinsu, inda hanya ta bi nan fatauci ke bi. Kawu yana zaune a Rumuokoro, wata babbar mararraba a arewacin garin, cikin ƙaramar hukumar Obio/Akpor, inda hanyar Ikwerre ta gitta babbar hanyar nan da su ke kira East-West. A 2021 aka buɗe gadar sama a wurin, amma har yanzu ƙarƙashinta ba ya rabo da cunkoso.

Sana'ar Kawu albasa. In manyan motoci sun kawo ta daga wajen Aliero, shi ke saye ya rarraba wa 'yan kiri a ƙananan kasuwanni. Abin da ya ke rabon da shi kuwa wata a-kori-kura ce, Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo. A 1968 aka fara fitar da samfurin 504 a Faransa, a 1975 kuma aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, shi ya sa babu bakaniken da bai san cikinta ba. Ta Kawu ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita a ke ci da gida, da ita a ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa, kai, har da rabin nawa.

Ciwon da ke ɓuya in an zo wurin mai magani

Kwana biyu da isowata muka taso daga wajen Choba da dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna cikin gudu sai kome ya ɗauke gaba ɗaya: inji ya mutu, fitilun gaba suka mutu, waifa ta tsaya a tsakiyar gilashi. Ga duhu, ga wata tanka a bayanmu. Allah ya kiyaye, direban tankar ya kauce, Kawu ya gangara gefen hanya da sauran gudun da ya rage. Muka yi zaune kamar minti biyar ba mai magana. Karen motar ya fita, ya buɗe bonet, ya leƙa bai ga kome ba, ya maida ya rufe da ƙarfi. Nan take fitilu suka kawo, Kawu ya murɗa makulli, mota ta tashi kamar ba ita ba.

Ashe wata uku ke nan tana yin haka. An sayo sabon batir a kasuwar Ikoku, ba ta daina ba. An sake kwayil, an sake fulogogi, an wanke kafireto, duk a banza. Ba kayan ne ba su da kyau ba, kuma ba makanikan ne ba su iya aiki ba. Abin da ke faruwa shi ne, duk ran da aka kai ta gareji sai ta tashi lafiya lau, kamar yaron da zazzaɓi ke saki da zarar ya hango ƙofar asibiti. Karen motar ya ce shi dai iskokai ya ke zargi. Kawu ya ce mini, "Ɗana, na gaji. Sayar da ita zan yi kafin ta kashe ni, ko da kuɗin ba zai sayi wata ba."

Na ce, "Kawu, a ba ni mako biyu."

Ya yi dariya, ya ce, "To, Malam ƙarami, ga ka ga ta."

Kada a taɓa kome tukuna

Abu na farko da na yi ba sifana na ɗauka ba. Littafin rubutu na saya, na ja layuka, na ba karen motar. Na ce duk sa'ad da ta ɗauke ya rubuta abu huɗu: ina mu ke, watau kan kwalta mai kyau ko cikin gargada, ana ruwa ko ba a yi, inji ya yi zafi ko yanzu aka tashe shi, sa'an nan, kafin kowa ya taɓa bonet, a danna ham, a kunna fitila, a rubuta ko sun yi aiki.

Cikin mako guda ta ɗauke sau biyar. Sau huɗu bayan an faɗa rami ne, sau uku ana ruwa ko an ratsa ruwa, kuma ko sau ɗaya ba ta yi da sassafe ba, sai inji ya ɗauki zafi. Abin da ya fi duka muhimmanci, a dukan biyar ɗin ham bai yi kuka ba, fitila ba ta kama ba.

Wutar mota kamar itace ta ke

Don a ga amfanin wannan amsa ta ƙarshe, sai a san yadda wuta ke tafiya a mota. Ku ɗauke ta kamar itacen kuka. Batir shi ne saiwa. Daga kansa mai alamar tarawa babbar waya ta ke fita, ita ce gindin itacen. Gindin ya rabu manyan rassa: reshe guda ya bi ta wurin makulli, shi ke ba kwayil wuta da fitilun gaban direba, wani reshen bai bi ta makulli ba, shi ya sa a motar Kawu ham da fitila ke aiki ko an zare makulli. Ko wane reshe kuma ya rabu ƙanana, da fis a bakinsu. Amma akwai inda misalin ya gaza: wuta ba ta aiki sai ta zagaya ta koma inda ta fito. Hanyar komawarta ita ce ƙarfen jikin motar da na inji, wanda aka ɗaure da kan batir mai alamar ɗebewa.

To, in ganye ɗaya ya bushe ba a tonon saiwa, in kuwa itace duka ya bushe ba a duban ganye. Saboda haka:

In abu ɗaya kaɗai ya mutu, kamar fitila guda ko waifa, a duba fis ɗinsa, da ƙwansa, da inda aka ɗaure shi da jikin mota.

In inji ya mutu amma jajayen fitilun gaban direba suka kama, wuta tana isowa ke nan. A nemi laifin wajen kwayil da abin da ke raba wa fulogogi wuta, ko kuwa wajen mai.

In inji ya mutu, fitilun gaban direba ba su kama ba, amma ham yana kuka, mazaunin makulli ne abin zargi. Makullin da aka rataya wa tarin 'yan makullai yakan cinye mazauninsa da nauyi.

In kome da kome ya mutu, har ham, laifin yana gindin itace.

Akwai kuma bambanci tsakanin wutar da ta ƙare da wadda aka yanke. In altaneta, watau injin da ke cika batir, ya daina aiki, ko fambel ya saki, fitila takan yi ta dushewa sannu a hankali, kuma ba ta dawowa don kanta. Wadda ta ɗauke farat ɗaya ta dawo da cikakken ƙarfinta, wannan mahaɗi ne ke rabuwa yana haɗewa. Da an yi wannan tunani tun farko da ba a sayi kwayil ba, gama kwayil ba ruwansa da ham. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuskurena

Da na ga laifin yana gindi sai na buɗe bonet, na iske kawunan batir sun yi farin gari kamar an barbaɗa musu alli, ɗaya ma da ƙusa aka cusa don ya matse. Na yi murna, na ce na kama ɓarawo. Muka kwance su, muka wanke da ruwan kanwa, gama kanwa tana kashe kaifin ruwan batir, sai dai a kula kada ta shiga cikin batir ɗin. Muka goge har suka yi ƙyalli, muka sa sabon mari, muka shafa giris. Na ce wa Kawu an gama.

Kwana biyu tsakani ta mutu a ƙarƙashin gadar Rumuokoro da buhu goma sha biyu a bayanta, 'yan tasi na ta zaginmu. Murna ta koma ciki. Kawu bai ce mini kome ba, shirun nan kuwa ya fi faɗa zafi.

Da yamma na tafi wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota, irin waɗanda a ke kira rewaya, mutumin Ikwerre ne amma yana jin Hausa rangaɗaɗau. Na nuna masa littafinmu. Ya karanta, ya ce da ma masu mota duka suna kawo masa irin wannan da aikinsa ya yi sauƙi. Sa'an nan ya tambaye ni, "Ran da ta mutu da dare, tsaye ku ke ko kuna gudu?"

Na ce, "Gudu mu ke yi, Oga."

Ya ce, "To, Malam, mota mai gudu rijiya biyu gare ta, batir da altaneta. In kan batir ya saki, altaneta yakan riƙe ta, fitila ta yi ta rawa amma inji bai cika mutuwa ba. Tun da duka suka ɗauke lokaci guda, nemi wurin da ruwan rijiyoyin nan biyu ya riga ya haɗu ya zama hanya ɗaya."

Na ji kunya, gama wannan tunani ne da ya kamata in yi da kaina. Na ga datti, na ɗauka shi ne ciwon, don shi ne ya fi kusa da idona.

Lissafin Malam Ohm

Ya ara mini mitarsa ta awon wuta. Muka fara da batir, don mu wanke shi daga zargi. Irin wannan batir na darma da ruwan asid, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859. Ɗakuna shida gare shi, ko wane ɗaki yana ba da bolt 2.1, watau cikakken batir bolt 12.6 ke nan. In ana tada inji kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In inji yana aiki kuwa ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta yana cika shi. Na Kawu ya ci duka jarrabawar nan uku.

Sa'an nan na auna wayar da ke shiga wurin fis, kome a kashe, na ga 12.6. Na ce ai lafiyarta lau. Dattijon ya ce in kunna fitilun gaba in sake aunawa. Sai na ga ta sauko 11.7.

A nan ne darasin da aka koya mana a aji ya faɗo mini. Georg Ohm, mutumin Jamus, malamin makaranta ne kamar yadda mu ke fatan zama, ya yi shekaru yana koyar da lissafi a birnin Kolon. A 1827 ya buga littafin da ya bayyana ƙa'idar da a ke kira da sunansa: ƙarfin da ke ɓacewa a hanya daidai ya ke da yawan wutar da ke wucewa sau tsananin matsin hanyar. Da bolt a ke auna na farko, da amfiya na biyu, da om na uku.

Ga yadda lissafin ya ke. Fitilun gaba biyu, ko wace wat 55, sun tashi wat 110. A raba da bolt 12, kusan amfiya 9 ke nan. Mun ga bolt 0.9 ya ɓace. A raba 0.9 da 9, ya ba da om 0.1. To, mita kanta wutar da ta ke ja ba ta taka kara ta karya ba, saboda haka in ita kaɗai ce a kan hanyar babu abin da zai ɓace, sai ta nuna 12.6, ta ruɗe ka. Kamar rariyar da ta toshe ce: in ka zuba ruwa cokali guda zai wuce, sai ka kwara bokiti za ka san ta toshe. Ƙa'ida ke nan: ba a auna waya sai tana ɗauke da kaya.

Har wa yau, ƙarfin nan da ya ɓace zafi ya ke zama. Da dare cikin ruwa, ga fitilu, ga waifa, ga kwayil, a ce amfiya 20 ke wucewa. Ashirin sau ashirin sau 0.1, wat 40 ke nan, duka a wuri ɗaya da bai fi ƙwayar wake ba. Zafin nan yana ƙona wurin, ƙunar ta ƙara matsi, matsin ya ƙara zafi. Ƙarfe kuwa in ya yi zafi yakan buɗe, in ya huce ya tsuke. Shi ya sa ba ta yi da sassafe.

Yadda muka kama shi

Wayoyin motar Kawu sun bi ta hannuwa da yawa, ba yadda ma'aikata ta ɗaura su su ke ba, don haka sai da muka bi su da ido ɗaya ɗaya. Babbar wayar batir ta sauka kan wani noti a jikin sitata. Ta altaneta ma nan ta zo. Daga notin nan wata jar waya da ba ta kai fensir kauri ba ta hau zuwa cikin mota. Ita ce hanya ɗayan da dattijon ya faɗa.

Bayan magariba muka juya motar ta fuskanci bango, inji a kashe, fitilu a kunne. Kawu ya tsaya yana duban hasken a jikin bango. Ni kuma na kwanta a ƙarƙashi da busasshen kara a hannuna, ina taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin sunan ko wace. Na girgiza ta batir, shiru. Na girgiza wadda ta ɗaure inji da jikin mota, shiru. Da na ture jar wayar nan dab da notin sai na ji Kawu ya ɗaga murya, "Ta ɗauke!" Na saki, ya ce, "Ta kawo!" Sai da muka yi haka sau bakwai, har yaran unguwa suka taru suna amsa masa.

Wannan ita ce shaidar da ban samu ba a wajen kawunan batir. In ba ka iya kiran ciwo ya zo, ka kore shi ya tafi, ba ka kama shi ba tukuna.

Da safe muka yanke wurin. A waje robar wayar ba ta da ko ƙwarzane. Da aka tsaga ta sai ga tagullar ciki ta zama koren gari, irin tsatsar da tsohon kwabo ke yi in ya daɗe a ƙasa, siraran zare uku kaɗai suka rage, su ma sun karye, bakinsu ne ke taɓa juna. Rami ya raba su, bugun bonet ya haɗa su. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Dalilinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ruwan da ke sauka a Fatakwal a shekara ya fi ninki biyu na Kano, iskar garin ma kullum a jiƙe ta ke. Sitata a ƙasa ya ke, inda tayoyi ke watso ruwa. Ruwan yakan bi tsakanin zaren waya ya hau, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya ci tagulla daga ciki. A wajenmu zafi ke busar da roba ta tsage, ka ga laifin da idonka; a can laima ke aikinta a ɓoye.

Gyara, da abin da ba a yi

Dattijon ya ƙi yarda a yi ƙari a tsohuwar wayar, ya sa sabuwa mai kauri ɗaya tun daga noti har wurin fis, ya matse bakinta, ya like shi da darma, ya naɗe, ya ɗaure ta a jiki don kada ta riƙa lilo. Muka sake aunawa da fitilu a kunne: abin da ke ɓacewa bai kai bolt 0.2 ba. Abin da aka kashe duka bai kai kuɗin kwayil ɗin da aka saya a banza ba. Har na baro garin, mako uku, ba ta sake ɗaukewa ba, Kawu kuma ya bar zancen sayarwa.

Ga gargaɗi ga wanda zai gwada. In za a kwance batir a fara da kai mai alamar ɗebewa, a maida shi daga ƙarshe, don in sifana ta taɓa jikin mota kada wuta ta tashi. A cire zobe da agogo. Kada a kusanto da taba ko ashana, gama batir yana fitar da iska mai kamawa. Kada a zare kan batir inji yana aiki wai don a gwada altaneta, yadda wasu ke yi. Wannan yana iya ƙona shi, a motocin zamani masu kwamfuta kuwa ɓarnar ta fi haka. In fis ya ƙone kada a cusa waya ko takardar kwalin taba a madadinsa. Fis mai gadi ne, ya mutu ne don mota ta tsira.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, nan gaba kaɗan za a ba ko wannenmu aji. Za ku iske yaro wanda yau ya iya, gobe ya ɓata, jibi ya sake iyawa. Abu mafi sauƙi shi ne a ce malalaci ne, a ɗauko bulala, kamar yadda aka sayo wa motar Kawu batir. Ni dai na yi niyyar in sayi littafi in ja layuka: wace rana ya ke ɓatawa, a wane darasi, a ina ya ke zaune, ya karya kumallo ko bai karya ba. Watakila allo ne ba ya gani daga baya, watakila ran kasuwa ce ya ke kwana yana talla. A tambaya tukuna, a rubuta, a raba rassa, a gwada abu ɗaya ɗaya, kada kuma a ce an gama sai an tabbata.

Ran da zan taho Kawu ya sa aka ɗaura mini ƙullin albasa, ya ce in kai wa malaminmu na kimiyya, in ce masa mutumin Jamus ɗin nan ya iya lissafi. Na isar da saƙo. Wassalam.